Daminar da Ciyawa ta Ci Rabin Gonarmu

Bana ruwa ya zauna. Tun da marka ta kama, da wuya rana ta wuni ba tare da hadari ya haɗo daga wajen Tiga ba. In na fito da butata da sassafe, sai in tarar raɓa ta kwanta a kan dangar kara, ƙasa tana fitar da wani ɗumi mai ƙanshi, kwaɗi suna ta kuka a kududdufin bayan gida. A cikin wannan ruwan ne kuɗin tallafi suka shigo wayar autana Haladu da sunana. Gida ya kaure da murna, jikoki suna tsalle a cikin taɓo. Ni kuwa sai na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Hankalina bai tafi kasuwa ba. Wata tsohuwar damina ya tafi, mai kore irin wannan, mai ruwa irin wannan.

Lokacin ina da ƙuruciya, 'ya'yana biyu: 'yar farina da muke ce wa Ladidi, da Sale yana goye. Gidanmu yana nan inda yake yanzu, a ɗan ƙauyenmu gaba da Ɗansoshiya, sai dai a lokacin ɗakunan jinka ne biyu da rumbu ɗaya. Shekarar da ta gabaci waccan daminar ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta fitar da kai babu ƙwaya. Tun bazara ba ta yi nisa ba, in Malam maigidana, Allah ya jiƙansa, ya shiga rumbu, sai ya ɓace ɗungum, ko hularsa ba a gani. In ya yi mini magana daga ciki, muryarsa takan fito kamar daga rijiya.

Bazarar nan ta yi zafi. Ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi. Kaji sukan kwanta a gindin randa baki buɗe, fikafikai a sake. Ruwan rijiya ya ja baya, sai a zura guga a jira ya taru, ya fito ja kamar kunun kanwa. Da tsakar rana nakan shimfiɗa wa yara jiƙaƙƙen zani a ƙasa, kafin su juya ya bushe. Kowa idonsa yana gabas. Tsofaffi a ƙofar masallaci ba su da wata hira sai ta gajimare.

Ruwan farko ya zo da la'asar, da iskar da ta kwashe mana jinkar madafa ta jefa a gidan maƙwabta. Ba wanda ya bi ta kanta. Na tsaya a tsakar gida da Sale a bayana, ruwa yana dukanmu, yana ta dariya yana buɗe baki. Washegari muka fita shuka. Gonarmu gadon Malam ce, doguwa, ta taso daga gindin dutse ta gangara har bakin rafi. Samanta jigawa ce mai yashi, ƙasanta kuwa baƙar ƙasa ce mai maiƙo, wadda ko tsinke ka kafa sai ya tsiro. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddige. Gero a sama, dawa a ƙasa. Ƙasar da sanyi a tafin ƙafa, tana shiga tsakanin yatsu. Har yau in na rufe ido ina jin ta.

Shuka ta fito da kyau ƙwarai. Malam ya yi noman firi, wato na farko, shi kaɗai ya gama, saura na biyu, maimai. A daidai nan ne abin da ke cikin rumbu ya ƙare. Na share ƙasansa da tsintsiya, na sheƙe, na samu abin da bai cika ƙoƙo ba, rabinsa kashin ɓera.

Akwai wani mai hali a kan hanyar Tiga, Alhaji Tanko, mai gonaki da yawa. Shi ke ɗaukar 'yan ƙwadago, ya ba su fura da rana, da yamma a auna wa kowa kwanon dawa. Malam ya ɗauki fartanya ya bi sahu. Daga nan rayuwar gidanmu ta koma jiran magariba. Ya shigo da ƙullin dawa a kafaɗa, in karɓa in surfa, in wanke, in durƙusa a dutsen niƙa. Kafin tuwo ya nuna yara sun yi barci, sai in rufe musu nasu su ci ɗumame da safe. Tsakanin ɗumamen safe da tuwon dare kuwa, sai ganye. Tafasa, rama, zogale ba ƙuli ba mai, gishiri kawai. In an yi sa'a, garin ɗorawa a dama da ruwa, yara su sha, bakinsu ya yi rawaya.

Yunwar damina daban take da ta rani. Ta rani kana ganinta a fili, ƙasa tsirara, itatuwa tsirara. Ta damina kuwa cikin kore take zuwa. Duk inda ka waiga abinci ne a tsaye, bai dai kai ba. Gero yana kaɗawa, masara tana sheƙi, ruwa yana sauka a hankali kamar albarka, tukunyarka kuma tana kife.

Wata safiya Malam yana ɗaure wando zai fita, na ce, "Malam, tamu gonar fa? Lokacin maimai yana wucewa."

Ya ce, "Jibi, in Allah ya so. Bari a gama ta Alhaji."

Jibi ta zo ta wuce. Na sake yin magana. Ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba, ya ce, "Tabawa, wanda ya yi fashin rana ɗaya, washegari zai tarar an sa wani a wurinsa. Mutane suna zuwa tun daga Kiru da ƙafa, suna tsaye a gefen gona suna jiran wani ya gaza. In na zauna yau, me za ki ɗora a wuta?"

Ya saɓa fartanya ya fita. Hanyar gonar Alhaji ta gefen tamu take bi. Daga baya ya gaya mini, kullum in ya zo daidai nan sai ya kau da kai ya dubi dutse.

Ranar da na je da kaina, ɗiban tafasa ne ya kai ni. Na tsaya a gindin dutse na duba, ban gane gonar ba. Harƙiya da ƙiri-ƙiri sun haɗe kunyoyi sun zama shimfiɗa ɗaya. Geron yana ciki, siriri, ya yi fari-fari, sai ka sunkuya ka buɗa ciyawa da hannu kafin ka gan shi. Ina nan tsaye sai na ji an ce, "A waali jam, matar Malam?"

Dije ce, Bafulatana, take gaishe ni da yarensu. Rugarsu tana ƙetaren rafi, suna kiwo suna kuma noma 'yar masara a makwancin shanu. Ta girme ni kaɗan, doguwa, da ƙwaryar nono a kai. Ta sauke ƙwaryar ta zo ta tsaya kusa da ni, muka dubi gonar tare.

Ta ce, "Geron nan bai mutu ba. Mutum yake jira."

Na ce, "Mutumin yana gonar wani."

Ta sunkuya ta buɗa ciyawar da hannu. Can ta ce, "Mu a wajenmu mace tana noma. In kin cire ciyawar nan ki tara mini a gefe, maruƙana suna so. Ni kuma in kawo miki tsala. Shanu suna ba da nono bana, har ba mu san inda za mu kai ba."

A garinmu matar aure takan fita shuka, takan fita roron wake. Amma noma na maza ne. Macen da aka gani da fartanya a gona, an san mijinta ya mutu ko ya gaza. Na san wannan sarai. Washegari da Malam ya fita, na ɗauko tsohuwar fartanyarsa mai tsagaggiyar ƙota, na sa a kwando na rufe da zani, na goya Sale, na ja hannun Ladidi.

Daga sama na fara, inda yashi yake, don nan ne ƙarfina zai iya. Nakan kwantar da Sale a inuwar dutse, in sunkuya. Da farko bayana kamar zai tsinke. Daga baya sai wani abu ya riƙa saukar mini wanda har yanzu ban san sunansa ba. In rana ta ɗaga, ciki babu komai, sai kunyoyin su fara motsi a idona kamar ruwan dam in iska ta taɓa shi. Ƙarar fartanyar ta yi nisa, kamar wata ce can take noma ni ina saurare. Balbelu sukan sauka farare tas a bayana, suna bin inda na nome suna tsintar tsutsa. Wani lokaci sai in ji kamar mahaifiyata, wadda ta daɗe da rasuwa, tana niƙa a bayan dutsen, har da ɗan nishin da takan yi. Ban ji tsoro ba. Daɗi ma nake ji, kamar ina tafiya a cikin barci, in na farka sai in ga na kai ƙarshen kunya.

Da hantsi Dije takan ƙetaro rafi, ruwa har gwiwa, zani a naɗe. Ta zuba mana tsala a ƙoƙo, mai sanyi, mai tsami, yana gangarawa ina jin inda ya kai. Ladidi ta sha, ni ma in sha, nonona da ya fara ƙafewa ya dawo. Ita kuma ta ɗaure ciyawarta ta ɗora a kai ta koma. Ba mu cika yin magana ba.

Abin bai daɗe a ɓoye ba. Wata yamma na miƙa wa Malam ruwan wanke hannu, sai ya kama hannun nawa ya juya shi. Tafin duk bororo ne, wasu sun fashe.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Taɓarya ce."

Ya ce, "Wace taɓarya? Me muke dakawa a gidan nan da zai yi miki haka?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe riƙe da hannun. Sa'an nan ya ce, "Ɗazu na kasa daurewa na waiga. Na ga saman gonar a nome. Na tsaya ina ta salati, na rasa wanda zan gode wa." Ya saki hannun. "Gobe da wane ido zan dubi mutane a masallaci?"

Na ce, "Malam, mutanen masallaci ba za su shigar maka rumbu baɗi ba. Kai za ka shiga."

Ya jawo akushi gabansa. Tuwon ma kaɗan ya taɓa. Da gari ya waye na ga ya ɗauki fartanya, amma bai bi ayarin 'yan ƙwadago ba. Ya ce in zauna a gida. Na zauna har rana ta ɗaga, sa'an nan na dafa tafasa na bi shi da ita, da tawa fartanyar a fili, ban rufe ta da komai ba. Ya dube ni, ya dubi fartanyar, ya matsa ya bar mini kunya ɗaya a gefensa.

'Yan kwanakin nan, in aka ce in zaɓi inda zan koma a duk rayuwata, can zan koma. Ba mu da abin ci sai ganye da tsalar Dije. Amma muna gefe da gefe a cikin gonarmu, geron da muka buɗe wa yana miƙewa yana yin duhu a bayanmu. Rannan ruwa ya tarar da mu, muka gudu ƙarƙashin dutse inda ya yi rumfa. Ruwan yana zuba a gabanmu kamar labule, duniya duk ta ɓace, sai mu huɗu da ƙanshin jiƙaƙƙen dutse. Malam ya ɗora Sale a cinya yana nuna masa ruwan. Ya dube ni ya ce, "Ashe kin fi ni iya riƙe fartanya." Ya yi dariya har haƙoransa suka fito. Na manta rabon da in ji dariyarsa.

Amma ganye ba ya riƙe namiji a kan kunya. Muna gab da gama jigawa, ina bayansa na ga ya miƙe, ya dafe ƙugu, ya sulale ƙasa a hankali kamar wanda zai yi sujada. Na yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ya ce jiri ne kawai. A makon ne kuma zazzaɓi ya kama Ladidi, jikinta kamar garwashi, tana kiran sunayen mutanen da ba sa nan. Ina da akuya ɗaya da na zo da ita daga gidanmu. Malam ya ja ta kasuwa. Kowa nasa ya kawo sayarwa a lokacin, aka saye ta a wulaƙance. Ya sayo magani da 'yar dawa. Ladidi ta tashi, dawar ta ƙare.

Ya koma wajen Alhaji Tanko, ya tarar an sa wani. Sai ya bi wasu maza can fadamun Tudun Wada inda ake neman masu cire ciyawar shinkafa. Yakan aiko mana da ɗan abin da ya samu ta hannun masu dawowa. Ni kaɗai na gwada shiga ƙasan gonar. Baƙar ƙasar nan da muke alfahari da ita, yadda take ciyar da dawa haka take ciyar da ciyawa. Tofa ta kai mini ƙirji. In na sara, fartanyar ta maƙale a laka, sai na sa hannu biyu na fizgo. Na yi abin da zan iya, na bari. Nakan tsaya a iyakar inda muka nome in dubi gangaren, kore shar har bakin rafi, gwanin kyau, iska tana kwantar da shi tana tayarwa.

Malam ya dawo bayan gero ya nuna, a rame, ƙafafunsa duk cizon matsattsaku. Jigawa ta ba mu abin da Allah ya nufa. Ƙasan kuwa, dawar ta tsaya siririya kamar tsintsiya. Muna cikin cin sabon gero aka yi shela wai an kawo taimakon hatsi a mota, yana ƙofar hakimi. Maza suka tafi da jakuna. Wata jar dawa ce ta ƙasar waje, tuwonta ba ya kama jiki. Mun karɓa, mun gode Allah. Na dai riƙa juya ta a hannu ina tunanin inda take lokacin maimai.

Rabin girbi ba ya kai gida ga wata damina. Kafin bazara ta zagayo rumbu ya sake yin ƙasa, Malam ya sayar da ƙasan gonar, daga tsakiya har bakin rafi. Alhaji Tanko ne ya saya. Jikokinsa ke noma ta yanzu, suna sa masara, tana yi musu kyau. Abin da ya raba mu da wannan ƙasa bai wuce abincin 'yan makonni ba. Su Dije ma daga baya suka tashi suka yi wajen Doguwa da shanunsu, ban sake ganin ta ba.

Wannan duka shi ya zo ya zauna tare da ni a bakin gado ranar da kuɗin suka shigo. Tun da rani wasu mutane suka zo ƙofar mai unguwa suka rubuta sunayen tsofaffi da gwagware, suka ɗauke mu hoto. Muka yi ta dariya, muka manta. Da damina ta yi tsakiya hatsinmu ya ƙare. Sale yana Kudu da iyalinsa, shi ma da kyar yake. Haladu ke riƙe da gidan, shi da matarsa Rabi da 'ya'yansu. Masararsa ta kai gwiwa tana neman taki da noma. Yanzu ana feshin ciyawa, amma maganin ma kuɗi ne, kuma ciyawar da ta riga ta yi ƙarfi sai fartanya. Ya riga ya cusa kayansa a buhu, zai tafi Tiga aikin shinkafar masu hali. Buhun yana jingine a bakin ƙofa lokacin da wayar ta yi ƙara.

Ya leƙo ɗakina ya durƙusa, ya ce, "Iya, kuɗinki ne. Sai abin da kika ce."

Na fito muka zauna a rumfa. Na ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Haladu ya ce taki. In aka zuba duka a taki, shi ya tafi Tiga ya nemo na abinci, ya riƙa leƙowa yana duba gonar.

Na ce, "Leƙowa ba ta noma."

Ya ce, "Iya, ai zamani ya sake. Da babur ne, yanzu-yanzu mutum ya zo."

Na ce, "Babanka ta gefen gonarsa yake wucewa kullum da ƙafa. Bai yi nisa ba, amma bai zo ba."

Rabi tana gefe tana wasa da bakin zani. Sai da na matsa mata ta ce, da za a samu na waken suya da mai, da ta koma yin awara. Tun haihuwarta ta ƙarshe jarinta ya narke. Kuɗin ba su kai su yi duka yadda kowa yake so ba. Na ce a sayo hatsin da zai riƙe gidan har a gama maimai, wannan shi ne farko. A ba Rabi nata. Abin da ya rage a auno taki, ko bai kai buhu ba. Haladu bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa, amma ya ce, "To, Iya."

Ranar kasuwar Kiru ya ɗauke ni a babur ɗin aro, don sai da ni za a cire kuɗin. Na daɗe ban fita gari ba. Gonaki suna wucewa ta gefen idona, kore bayan kore, iska mai sanyi tana cika mini mayafi, har na fara gyangyaɗi a bayansa. A gindin wata lema wani saurayi ya latsa 'yar na'urarsa ya miƙo mana kuɗin. 'Yan kasuwa sun riga sun ji labari. Masarar da aka sayar da safe, kafin azahar ta ƙara tsada. Mun dai saya, muka ɗaure a bayan babur, ni na dawo a mota.

Kowane gida da yadda ya yi da nasa. Wata gwauruwa a bayan masallaci ta sa rufin kwano a ɗakinta da ke yoyo, ta ce ta gaji da kwana a zaune. Malam Sule ya sayi awaki, zawo ya kashe masa ɗaya. Wani ya kai matarsa asibiti a Bebeji. Wani yaro kuma ya lallashi uwarsa ya karɓe nata ya shiga mota, har yau waya kawai yake yi. An ce za a sake turowa. Ba mu gani ba tukuna, ban kuma ɗora raina a kai ba.

A gidanmu dai Haladu ya zazzage buhunsa, ya rataye kayan a ƙusa. Da asuba ya sa fartanya a kafaɗa ya nufi gindin dutse. Rabi ta jiƙa wake ta kai inji, ta tace, ta zuba ruwan tsami, da la'asar mai yana ƙara a kasko, mutane suna sallama a ƙofa da kwanoninsu. Ribar ba ta da yawa. Ta dai ɗauke mana gishiri da daddawa da sabulu, ba a taɓa hatsi an sayar don su ba.

Danga ɗaya ce tsakanina da Kande. Tare muka tsufa. Lokacin da aka zo rubuta suna tana Bebeji wajen 'yarta da ta haihu, ba a sa ta ba. Ɗanta Ɗanjuma ya tafi Tiga tun farkon marka. Ta shigo ta yi mini barka da arziki, murya a bushe, daga nan ta ɗauke ƙafa. In Rabi ta ɗora kasko, ina ganin hayaƙin yana tsallaka dangar nan, sai in ji awarar ta fita daga raina. Na aika mata a kwano, aka dawo da kwanon a wanke da godiya, ita ba ta zo ba.

Na ce wa Haladu, "Ka ga gonar Kande kuwa?"

Ya ce, "Na gani, Iya. Tawa ma ban gama ba."

Sai da ya gama tasa ya zuba taki, rannan da safe na ji muryoyin maza a ƙofar gida. Shi ne da wasu 'yan unguwa waɗanda su ma kuɗin suka riƙe su a gida bana, har da Malam Sule mai awaki. Ya leƙo ya ce, "Iya, ki sa Rabi ta dama kunu. Muna gonar Baba Kande."

Da hantsi na shiga gidanta na ce ta ɗauko mayafi ta taya ni ɗaukar kaya. Ta bi ni ba ta san inda za mu ba. An yi yayyafi da asuba, hanya duk raɓa, gefen zanenmu ya jiƙe. Tun daga nesa muka jiyo fartanyoyi suna sauka kusan tare. Babu makaɗi irin na gayyar da, wata waya ce kawai aka rataye a reshen marke tana ta surutu. Kande ta tsaya cak, ta sauke tulun kunun a ƙasa.

Ta ce, "Tabawa, me kika jawo mini? Ba ni da ko goron da zan ba su."

Na ce, "Ba wanda ya tambaye ki goro."

Ta taka a hankali har bakin gonar. Sun riga sun buɗe kunyoyi da dama, ciyawa a kwance tana yaushi, ƙasa baƙa tana tururi. A tsakiya ga masara layi-layi, gajeriya, rawaya-rawaya, tana rawa a iska. Kande ta durƙusa ta kama ganye ɗaya ta shafa shi tun daga gindi har baki. Ta daɗe a haka. Sa'an nan ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ashe tana nan."